Mudun Amurka ba zai auna firgitar Kurfi ba

A watan Oktoba na 2023 'yan bindiga suka shiga Dutsin-Ma cikin dare suka kwashe ɗalibai mata 5 na jami'ar tarayya da ke garin. Jaridu sun ɗauki labarin domin 'yan jami'a ne. Ƙauyukan Kurfi da Safana da Batsari sun sha ganin irinsa ba wanda ya rubuta. Idan aka sako mutum, a yi masa barka, a duba raunukansa, shi ke nan. Sauran sai 'yan gida ke gani: yana zaune amma ba ya nan, a kira sunansa sau uku bai amsa ba, a tambaye shi zaman daji ya ce wasu kwanakin sun ɓace masa. Wata kuma ta yanke jiki ta faɗi, ta yi magana da muryar da ba tata ba.

Masana halayyar ɗan Adam na kiran wannan rabewar hankali, wato tunani da tunawa da jin jiki, waɗanda suka saba tafiya tare, su rabu. Pierre Janet na Faransa ya yi bayaninsa tun 1889. Ma'aunin da ya fi shahara shi ne DES, wanda Eve Bernstein da Frank Putnam suka fitar a Amurka a 1986. Tambayoyi 28 ne, mutum ya faɗi kashi nawa cikin 100 na lokacinsa abu kaza ke faruwa da shi. Wanda makinsa ya kai 30 akan ce a zurfafa bincikensa.

Duk mai binciken da ya kwafo takardar nan ya nufi sansanin gudun hijira yana fassara ta da ka, adadi zai samo, ilimi kuwa babu. Takardar na tambayar wanda ya hau mota ko ya taɓa isowa bai tuna hanya ba, ko ya nutse cikin kallon talabijin har bai san abin da ke gefensa ba, ko ya tarar da sabon kaya bai tuna ya saya ba. Rayuwar wani birni ce wannan. Matar da ta gudo daga ƙauye da goyo a baya, a ce mata "kashi nawa cikin ɗari," za ta ba da amsar da ta ga malamin na so, don ladabi. Tambayar jin muryoyi a cikin kai ta fi muni. Budurwa za ta ce a'a ko da tana ji, domin ta san sunan hauka yakan kashe aure, nata da na ƙannenta.

Masu ma'aunin ma sun san ya cakuɗa shagala, wadda kowa ke yi, da ciwo. Shi ya sa a 1996 Niels Waller da su Putnam suka tsame tambayoyi 8 kacal a matsayin masu nuna mai tsanani. Idan a gidansa sai da aka yi masa tankaɗe, ina dalilin haɗiye shi ɗanye a Katsina?

Akwai masu jin daɗin wannan suka, su ce ai dama aljanu ne, ruƙiyya ta wadatar. Ba su tsira ba. A kudu maso yammacin Uganda, Marjolein van Duijl da abokan aikinta sun kwatanta mutum 119 da ake ce suna da iskoki da mutum 71 masu lafiya, suka buga sakamakon a 2010: masu iskokin sun fi cin karo da munanan abubuwa a rayuwarsu nesa ba kusa ba. Binciken bai taɓa imanin kowa ba. Abin da ya nuna shi ne a bayan faɗuwar sau da yawa akwai wani dare da ba a tambaya ba. Malamin da ya yi wa yarinya karatu mako guda bai taɓa ce mata "me suka yi miki a can?" ba, rabin aiki ya yi. Littafin tantance cututtuka na likitocin Amurka, bugun 2013, ya shigar da hawan iska cikin alamun rabewa, amma ya ware wanda al'ada ko addini suka saba da shi. Wa zai bambanta hawan bori, da ake kaɗa wa garaya, da faɗuwar wadda aka yi garkuwa da ita, in ba wanda ya san garin ba?

Aikin ba gagara-badau ba ne. A fara daga kalmomin mutane: "ya zama wani iri," "hankalinsa ba ya jikinsa," "ba ita ce ta dawo ba." A tattara su daga bakin ungozoma da limami da ma'aikaciyar asibitin ƙauye, a gina tambayoyi a kansu, mace ta tambayi mace, sannan a gwada su da ganawar likita, har a cire masu farfaɗiya. Jami'ar Dutsin-Ma, da aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita suna da ɗaliban da Hausar Kurfi ce nonon da suka sha. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta kawar da tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, amma ba ta rubuta wa kowa tambaya ko ɗaya da Hausa ba.