Gubar Dalma Da Alhakin Mai Wurin Aiki

A shekarar 2010 aka gano cewa gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kamar Dareta, Abare da 'Yargalma. Duwatsun zinare ake niƙawa a bushe da injin hatsi, a shanya garin a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe. Ƙurar ta bi ta baki ta shiga jini. Jiƙa dutsen kafin niƙa, da nisantar da injin daga gidaje, sun isa su rage wannan musiba. Bagega kuwa sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta.

Mun ji masu cewa ƙaddara ce. Na'am, amma malaman fiƙihu sun ɗora lamuni a kan wanda sakacinsa ya halaka rai.

Wannan dalmar ce fa ke cikin batirin mota. Duk mai shago a Sabon Garin Gusau, ko Tsafe, ko Bungudu, da yake sa yaransa su narka ta, wajibi ne ya tanadar musu takunkumi, safar hannu da ruwan wanke hannu kafin cin abinci, daga aljihunsa, ba daga ladansu ba.