Ku Wanke Hannu Kafin Ku Ce Kwana Ya Ƙare

Bakwaini ne, an sa shi a kwalba, har ya fara murmurewa. Kwatsam sai ciki ya kumbura, ya daina karɓar nono, numfashi ya rikice. Washegari a naɗo shi a zane a miƙa wa uba, a ce kwana ya ƙare. Babu mai ja da ƙaddara, amma ƙwayar cutar da ta kashe yaron nan a asibiti ya same ta, kuma galibi hannun mutum ne ya kai masa.

Ma'aikatan jinya da likitoci, da ku nake. Da safar hannu ɗaya za a canza wa wannan jariri ƙunzugu, a ɗaga waya, sannan a taɓa allurar ƙarin ruwan na kusa da shi. Allurar nan ƙofa ce a buɗe zuwa cikin jini, ga shi kuwa fatar bakwaini ba ta yi ƙwari ba, garkuwar jikinsa ba ta nuna ba. A bar allurar kwana da kwanaki, filasta ta yi dauɗa, hannu ya kumbura, ba mai dubawa. Goge hannu da sinadarin tsafta bai wuce daƙiƙa 30 ba, wankewa da sabulu kuma minti ɗaya. Wannan ne ya gagare ku? Tun 1847 likita Ignaz Semmelweis ya tilasta wa likitoci wanke hannu a wani asibiti na birnin Biyana, mutuwar masu jego ta ragu ƙwarai. Ashe ba ilimi muka rasa ba, sakaci ne ya yi mana katutu.

Ku ma shugabannin asibiti ba ku fita ba. Famfo ya ƙafe, sabulu sai iyaye sun sayo, tawul ɗaya kowa ke goge hannu da shi, jarirai biyu ko uku a kwalba guda, nas ɗaya a kan ɗaki cike. A ƙarshen 2019 jarirai 10 suka mutu a asibitin Tembisa na Afirka ta Kudu sanadiyyar ƙwayar Klebsiella mai bijire wa magunguna, a ɗakin da aka cunkusa su fiye da kima. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2022 cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, 15 cikin marasa lafiya 100 kan kwashi wata cuta a asibiti, kuma ɗaya cikin goma na waɗanda suka kamu ba ya tashi. Sabuwar mota ta samu kuɗi, ruwan ɗakin jarirai bai samu ba?

'Yan dubiya kuma ku tsaya a waje, ɗakin nan ba gidan barka ba ne. Ke kuwa uwa, kada kunya ta rufe miki baki. Duk wanda ya miƙo hannu ga ɗanki, ko babban likita ne, tambaye shi ko ya wanke. Haƙƙinki ne, kuma ran yaron amana ce da za a tambaye mu a kanta.