Alƙali Ya Fara Magana Kafin Jirgi Ya Tashi



Duk wanda ya nemi mafaka, ko da an hana shi, kada a fitar da shi daga ƙasa sai alƙali ya saurare shi. Jami'i ɗan Adam ne, yana kuskure, wani lokacin ma umarni kawai yake bi.

A nan gida muka gani. A Janairun 2018 aka kama Sisiku Ayuk Tabe da abokansa, jagororin 'yan awaren Kamaru, a wani otal a Abuja. Kafin watan ya ƙare an miƙa wa Kamaru mutum 47, alhali da yawansu sun nemi mafaka a Najeriya. Sai a Maris 2019 Babbar Kotun Tarayya ta ce mayar da su ya saɓa wa doka, a dawo da su. To wa zai dawo da su? A Agustan shekarar kotun soja a Yawunde ta yi wa Ayuk Tabe da wasu tara ɗaurin rai da rai.

Ba awarensu muke goyon baya ba. Amma Najeriya tana cikin yarjejeniyar 1951 da ta hana mayar da ɗan gudun hijira inda za a cutar da shi.

A Birtaniya kuwa, a Yunin 2022, jirgin kai masu neman mafaka Ruwanda ya gama shiri, kotun Turai ta sa baki, bai tashi ba.

Muna kira ga 'yan majalisarmu su fayyace a doka: da zarar mutum ya shigar da ƙara, a dakatar da fitar da shi har a yanke hukunci.