Gemu Ba Ya Hana Ilimi, Amma A Duba Kafin A Taka



A hutun Kirsimeti da ya wuce wata tsohuwar ɗalibata ta kawo mini ziyara. Digirinta na labarin ƙasa ne, yanzu kuma koyarwa take yi. Bayan mun gaisa sai ta ce, "Malam, ina so in karanta ilimin halayyar ɗan Adam ta intanet. Me ka gani?" Abin da na faɗa mata shi ne nake so ku ji.

A Birtaniya jami'o'i da dama suna da kwas na sauya fanni. Wanda ya riga ya yi digiri a wani fanni dabam yana iya shiga ya sami digiri na biyu a ilimin halayya, galibi cikin shekara ɗaya, ko biyu idan yana haɗawa da aiki. Wasu jami'o'in ta intanet suke koyar da shi. Ana karanta yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, da yadda yaro ke girma, da zaman jama'a, da kuma lissafin ƙididdiga, wanda ke ba mutane da yawa mamaki. Tun da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Laifzig ta Jamus a 1879, wannan fanni na awo da gwaji ne.

A ganina wannan ƙofa ce mai kyau. Na taɓa yi wa wata yarinya horo saboda ta daina aikin gida, ina cewa lalaci ne. Daga baya na ji ashe mahaifinta ne ya rasu, baƙin ciki ya hana ta barci. Har yau abin yana damuna. Da ina da wannan ilimi, da na tambaye ta kafin in ɗauki bulala. Ƙasarmu ma ta fara farkawa: a 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Doka kuwa ba ta aiki sai da masana.

Sai dai tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya. Na ja mata kunne a kan abu uku.

Na farko, ta tabbatar ƙungiyar masana halayya ta Birtaniya, wato BPS, wadda aka kafa a 1901, ta amince da kwas ɗin. In babu wannan, takardar ba za ta buɗe mata hanyar horo na gaba a can ba.

Na biyu, kwas ɗin matakin farko ne kawai. A Birtaniya mai son duba marasa lafiya sai ya ƙara shekara 3 yana horo, sa'an nan a yi masa rajista. Kada wani ya gama karatu a kwamfuta ya kafa allo yana kiran kansa likita.

Na uku, da fam ake biyan kuɗin makaranta, albashinta kuwa naira ne. Ta ƙirga kuɗin data da na wuta, ta kuma tambayi jami'o'inmu na gida tukuna. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wasu 'yan'uwa suna tsoron wannan ilimi zai raunana bangaskiya. Ni ban ga haka ba. Muna yi wa mai zazzaɓi addu'a, muna kuma kai shi asibiti. Allah da ya halicci jiki shi ya halicci tunani. Likita Thomas Adeoye Lambo ya nuna a Aro ta Abeokuta tun 1954 cewa masu taɓin hankali suna samun sauƙi idan aka yi jinyarsu cikin jama'a, kusa da danginsu.

Ku 'yan aji shida masu fita bana, kada ku raina lissafi da Turanci, domin ba ku san ƙofar da za ku ƙwanƙwasa gobe ba. Ku kuma koyi sauraron ɗan'uwanku tun yanzu, a ɗakin kwana da filin wasa.

Allah ya kiyaye fitarku da shigarku. Amin.