Ubangidan da Ba Shi da Kunne

Jama'a, a zamanin da, lebura ko a haƙar kuza ta Jos yake, ko a aikin hanyar jirgin ƙasa, ya san helumansa, watau shugaban leburori. Ko da heluman nan mugu ne, ai mutum ne. Ana kawo masa uzuri ya ji, ana yi masa magiya ya sassauta, in kuwa ya yi zalunci a kai ƙararsa gaba.

Yau ga wani sabon heluma ya zo, wanda ake kira manhaja, watau lissafin da aka tsara wa kwamfuta. Ita ke raba wa direban haya fasinja ta cikin wayarsa, ta yanke kuɗin tafiya, ta tara makin da fasinjoji ke ba shi, in ya yi ƙasa ta rufe shi daga aiki. A manyan rumbunan kaya na Amurka da Turai kuwa, na'urar da ke hannun ma'aikaci tana ƙidaya kayan da ya ɗauka da mintocin da ya tsaya. Abin nan ya iso mu tuni, domin kamfanin Uber ya fara aiki a Legas tun 2014.

To, ina illar? Ta farko a jiki take. Wanda ya san ana ƙidaya masa minti ba ya tsayawa ya miƙe baya, har fitsari yakan riƙe. Direban da ke bin ladan cika adadin tafiye-tafiye yakan kai dare bisa titi da gyangyaɗi a idonsa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka bayyana cewa yin aikin awa 55 ko fiye a mako ya jawo mutuwar mutum 745,000 a 2016, ta hanyar ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Lissafin ya haɗa kowane irin aiki, amma duk tsarin da ke tura mutum ga ƙarin awa yana tura shi ga wannan hatsari.

Ta biyu a zuciya take, ita ce kuma ta fi ɓoyuwa. Magidanci ya kwanta bai san ko gobe za a buɗe masa aiki ba. In an rufe shi, ba a gaya masa laifinsa sosai, babu kuma ofishin da zai shiga ya ga fuskar wanda ya yanke hukuncin. Fargaba irin wannan takan hana barci, ta gajarta haƙuri, har iyali su ɗanɗana.

Waɗansu ƙasashe sun farga. A 2021 jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa manyan rumbuna su rubuta wa ma'aikaci adadin aikin da ake nema gare shi, ta kuma hana adadin da zai hana shi cin abinci ko kewayawa. A 2024 Tarayyar Turai ta zartar cewa ba za a kori ma'aikacin manhaja da hukuncin na'ura kaɗai ba, sai mutum ya duba. Mu ma dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ba mutum ikon ƙin hukunci mai nauyi wanda na'ura kaɗai ta yanke masa. Saura a yi aiki da ita.

Saboda haka muna roƙon Ma'aikatar Ƙwadago abu uku. A tilasta wa kamfanoni su bayyana wa ma'aikaci, da harshen da yake ji, yadda ake auna aikinsa. A sa iyaka ga awannin da manhaja za ta bar direba bisa titi ba hutu. Sa'an nan kada a raba kowa da abincinsa sai wani mutum mai suna da ofis ya saurari uzurinsa.

Masu kamfani kuma su tuna, na'ura ba za ta tsaya gaban alƙali ba, balle ranar hisabi. Wanda ya tsara ta, ya ci ribarta, shi ke ɗauke da alhakin lafiyar waɗanda take sarrafawa. Allah ya sa masu iko su duba. Wassalam.