Kada Mu Bar Malamar Kimiyya da Goyo Ita Kaɗai

Jama'a, duk magidancin da ya kai iyalinsa asibiti, likita mace yake fatan ya tarar. To, wa zai koyar da wannan likitar ilimin sinadarai da na halittu, in malamai mata suna ta zamewa daga jami'o'inmu tun kafin su kai matsayin babbar lakcara?

Ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba. Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero an yi mata aure bayan sakandare, ba ta shiga jami'a ba sai tana da shekara 29, da 'ya'yanta. Ta zama masaniyar kimiyyar sararin samaniya, har a 2015 ta karɓi kyautar gidauniyar Elsevier ta mata masana kimiyya na ƙasashe masu tasowa. Farfesa Fatima Batulu Mukhtar, masaniyar tsirrai, ta shugabanci Jami'ar Tarayya ta Dutse daga 2016. Muna alfahari da su. Amma mata nawa ne suka ajiye digiri na uku rabi da rabi, ba wanda ya ji labarinsu?

Aikin kimiyya ba ya jira. Ƙwayar cutar da aka shuka a ɗakin gwaji tana da sa'ar dubawa, ko da yaro ya kwana da zazzaɓi. Ƙarin girma kuwa da yawan takardun bincike ake aunawa, kuma shekarun da ake so malama ta fi rubutu su ne na ciki da shayarwa. Namiji ya dawo gida ya tarar da tuwo, ya buɗe kwamfuta. Ita ta dawo ta ɗora tukunya, sai dare ya raba ta soma makin jarrabawa. Sannan a tara su a ma'auni ɗaya, a ce ba ta da himma. Wannan zalunci ne!

Shugabannin jami'o'i, ku gina gidan raino kusa da tsangayar kimiyya, ku daina sa taron sashe a lokacin ɗauko yara daga makaranta. Wadda ta haihu a ƙara mata wa'adin kammala digiri ba sai ta yi roƙo ba. Jihar Kaduna ta ba ma'aikatanta mata hutun haihuwa na wata shida tun 2019, me ya hana jihohin da ba su yi haka ba? Asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund, in za ku tura malama karatu waje, ku sa kuɗin jaririnta a lissafi. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, ku ɗauki maganar nan zuwa teburin sulhu.

Maigida, riƙe yara daren da take rubutu ba ya rage maka girma. Uwar miji, Hajiya, in an kira surukarki taro a Ibadan, kwana uku ne, ki karɓi jikokinki ki sa mata albarka ta tafi.