Kafin ka zuba kifi a tanki, ka fara kiwon tsutsa

Ba mamaki ka sha cin karo da irin bidiyon nan a TikTok ko Facebook: saurayi a gaban tankin tamfol yana watsa abinci, tarwaɗa na ta tsalle, a ƙasa an rubuta cewa cikin wata huɗu za ka zama miloniya. Abin da ba a nuna maka shi ne rasit ɗin abincin. Duk wanda ya taɓa kiwon kifi zai gaya maka cewa kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa, cikin kifin suke tafiya. Ka yi lissafi da kanka: tarwaɗa 1,000 kafin kowace ta kai kilo ɗaya za su cinye abincin da ya kai tan guda ko fiye, wato wajen buhu 70 mai kilo 15. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, farashin buhun ya yi tashin gwauron zabo. Shi ya sa tankuna da yawa a unguwanninmu suka koma wurin ajiyar tarkace.

Me ya sa abincin ke da tsada haka? Saboda abin da ke gina jikin kifi, wato furotin, yawanci daga garin kifi da waken suya ake samunsa. Garin kifin kuwa ƙananan kifayen teku ne ake busarwa a niƙe, kuma sai an haɗa kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen kifi kafin a samu kilo ɗaya na gari. Kaso mai yawa daga cikinsa daga ƙasar Peru yake fitowa, amma har a Muritaniya da Senegal da Gambiya an kafa masana'antun da ke kwashe kifin da talaka ke miya da shi, su mayar da shi abincin dabbobi, a kai Turai da Asiya. Ka ga ke nan ana cire kifi daga bakin mutum a saka a bakin kifi, kai kuma ka saya da farashin dala.

Mu a wannan shafi muna ganin mafitar tana kusa, a wurin da kowa ke toshe hanci ya wuce. Kifi tun asalinsa ƙwari da tsutsa yake ci a kogi. Ai da tana kake ɗana ƙugiya lokacin da kake yaro. A ƙauye kuma har gobe ana kife tukunya da karare da kashin shanu a tara gara don 'yan tsaki da zabi. Ilimin na gida ne, girma kawai za a ƙara masa. Ita fara a bar wa mai yaji, don a Maiduguri ko Maraɗi ta fi ƙarfin tarwaɗa. Shinge kuma sai damina. Tana tana da kyau amma ba ta saurin yaɗuwa. Wadda duniya ta fi mayar da hankali a kanta yanzu ita ce tsutsar baƙin ƙudan soja, wanda za ka gani a intanet da sunan BSF.

Kar sunan ya ruɗe ka, ba ƙudan da ke sauka a kan tuwo ba ne. Ya fi kama da zanzaro, amma ba ya harbi, ba ya cizo, ba ya bin abincin mutane. Macen takan saka ƙwai wajen 500, su ƙyanƙyashe cikin kwana huɗu, sannan tsutsar ta shiga cin duk ruɓaɓɓen abin da aka ba ta. Cikin mako biyu ta isa girbi. Idan aka busar da ita, kusan kashi 40 cikin ɗari na nauyinta furotin ne, ga kuma mai. Abin da ta bari a baya taki ne mai kyau da masu lambu za su saya. Tarayyar Turai ta halatta saka garin ƙwari a abincin kifi tun 2017, a Kenya kuma cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi ta daɗe tana koya wa manoma wannan sana'a.

Yanzu ka leƙa kasuwar 'Yankaba ko 'Yan Lemo a Kano da yamma, ka ga tumatir da kankana da lemon da ake zubarwa. Ka tuna da dusar masu awara da masu koko a layinku, da ragowar shinkafar gidajen abinci. Duk wannan abincin tsutsa ne, kuma wani ma godiya zai yi maka idan ka kwashe. Jarin farawa bai wuce robobi, gidan sauro, 'yan guntayen kwali da ƙudan zai saka ƙwai a ciki, da inuwa ba. 'Yar'uwa, ke ma da ke muke: bayan ɗaki ya isa.

Amma fa kar ka bari masu sayar da kwas a WhatsApp su yi maka romon baka. Tsutsa ba ta kore buhun abinci gaba ɗaya. Gwaje-gwajen da aka yi a kan tarwaɗa sun nuna za ta iya maye gurbin wani kaso na garin kifi, har zuwa rabi, ba tare da girma ya ragu ba. Idan ka zarce, man da ke jikinta da taurin fatarta kan hana kifi narkar da abincin yadda ya kamata. Ka fara da kaɗan, ka ware tanki ɗaya na gwaji, ka riƙa auna kifin duk mako biyu kana rubutawa. Gani ya kori ji. Sannan ka san yanayinmu: tsutsar ta fi son ɗumi na digiri 25 zuwa 30. Zafin Afrilu zai iya kashe ta idan babu inuwa da danshi, sanyin hunturu kuma ya sa ta yi ta jan ƙafa.

Babban abin da zai iya rusa sana'ar tun ba ta tsaya da ƙafarta ba shi ne ƙazanta. Abin da tsutsa ta ci, shi kifi zai ci, shi kuma mai saye zai ci. Ban da mushe, ban da bayan gida, ban da sharar da ta haɗu da batir, man inji ko maganin feshi. Mutanenmu suna da ƙyanƙyami, kuma batun dabbar da ta rayu a kan najasa magana ce da malamai suka tattauna tun da daɗewa. Bidiyo ɗaya na wani maras tsoron Allah yana kiwon tsutsa a kan mushe ya isa ya sa a ƙaurace wa kifin kowa. Ka tsoma tsutsarka a ruwan zafi, ka shanya ta bushe ƙarau, ka niƙa. Idan mai saye ya tambaya, ka faɗa masa gaskiya, ka nuna masa wurin.

Hukumomi ma akwai nasu. Muna kira ga NAFDAC da SON su bayyana wa ƙananan masu sana'a ƙa'idojin da za su bi, a harshen da suke ji. Cibiyar binciken kifi ta New Bussa a jihar Neja da jami'o'inmu su fito da horo da Hausa, ko da gajerun bidiyo ne a waya. Shugabannin kasuwanni kuma su ware wurin zuba ruɓaɓɓen kayan gwari daban da leda da kwalabe.

Kai kuma ba sai ka jira su ba. Ba dole ba ne ma ka mallaki tanki: masu kifi da masu kaji a garinku suna neman abin da zai rage musu kuɗin buhu, kai ka zama mai kawo musu. Abokai za su yi maka dariya, su laƙaba maka Sarkin Tsutsa. Ka amsa sunan. Ka nemi roba ɗaya a makon nan, ka je wurin mai awara, ka fara.